Zauren Tambaya: CD ɗin tsofaffin waƙoƙi, gangariya ne ko jabu?

Assalamu alaikum jama'a. Wannan karon saƙonni sun taru a kan magana ɗaya, wato faya-fayan CD da ake sake fitarwa na waƙoƙin da, irin waɗanda kaset ɗinsu ko faifan garmahonsu ya yi wuyar samu. Na tsinci guda biyar, sauran ku yi haƙuri.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Na sayi CD wa babanmu na wani tsohon mai kalangu da yake matuƙar so, a jikin kwalin an rubuta wai an gyara sauti an wanke shi tas, naira dubu uku na ba da, amma da muka saka a mota Baba ko waƙa ɗaya bai bari ta ƙare ba ya ce a cire, wai wannan ba kalangun da ya sani ba ne, muryar ma kamar mutumin yana waƙa a cikin randa. Ni kuma gaskiya na ji babu wannan shuuu ɗin na kaset. Shin rigimar tsufa ce kawai ko cuta na aka yi? Daga wani ɗan'uwa a Jekadafari, Gombe.

AMSA: Ɗan'uwa ka je ka ba Baba haƙuri, kunnensa ya fi naka, kuma ba zagi ba ne. CD mazubi ne kawai, abin da aka zuba masa shi zai ba ka, in ka ɗebo ruwan kududdufi ka zuba a sabon kwanon sha ai bai zama ruwan famfo ba. Shi CD tun da kamfanonin Philips da Sony suka fito da shi a 1982 ma'auninsa ɗaya ne, yana ɗaukar samfurin sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, kuma wannan ya isa ya riƙe duk abin da kunnen ɗan Adam ke iya ji. To matsalar ba daga faifan take ba, tambayar ita ce daga ina aka kwaso waƙar.

Mafi kyau shi ne a samo zaren asali, wanda ma'aikatan situdiyo ke ce wa masta, irin manyan zaren nan masu naɗi a faranti da kamfanoni irin su EMI da Decca da Polygram suka yi aiki da su a Legas, da kuma gidajen rediyo irin na Kaduna. In babu shi sai faifan garmaho mai lafiya. In babu sai kaset na farko. Can ƙasa kuma akwai kaset da aka kwafa daga kaset da shi ma kwafarsa aka yi, kuma duk kwafi ɗaya sai wani abu ya zube, sautin sama ya dushe, shuuu ya ƙaru, balle a ce da rikoda mai baki biyu aka yi a kan saurin nan na gaggawa. Kuma kar ka manta da yawa daga waƙoƙin makaɗanmu ba a situdiyo aka ɗauke su ba, a gidan biki ne ko ƙofar fada ko filin wasa, wani ya ajiye rikodarsa a gefe, to irin wannan ina za ka je ka samo masta? Kaset ɗin da ke cikin akwatin wani dattijo shi ne mastan.

Yanzu ga abin da ya faru da naka. Mai haɗa faifan ya samu tsohon kaset mai shuuu, sai ya saka shi a kwamfuta ya danna wajen cire hayaniya har ƙarshe. Ita kuwa manhaja ba ta san bambancin shuuu da kaifin bugun kalangu ba, ba ta san numfashin mawaƙi ba, ba ta san 'yan amshi da ke can baya ba, duk abin da ya yi kama da hayaniya aske shi take yi, shi ya sa murya ke komawa kamar ana magana a ƙarƙashin ruwa, wani lokacin har ka ji wani ɗan ƙyal-ƙyal kamar ƙarfe a bayanta. Daga nan sai a ƙara bes don ya girgiza mota, a ɗaga ƙara har ta fashe, wani ma ya zuba eko kamar a masallacin Juma'a. Kalangu kuma kiɗa ne mai magana, daɗinsa yana cikin matsewa da sakewar tsarkiya, in aka danne komai ya zama ƙara ɗaya sai maganar ta mutu. Ni dai a ba ni shuuu ɗina da kalangu mai rai.

Akwai kuma batun gudu. Kaset yana tafiya ne santimita 4.76 a daƙiƙa, in rikodar da aka kunna kaset ɗin a cikinta wajen kwafa tana gudu fiye da haka sai muryar dattijo ta koma ta saurayi, in batir ya yi sanyi ko bel ya saki sai ta yi nauyi tana lilo. Wanda ya yi shekara arba'in yana jin muryar nan take zai gane, kai da ba ka saba ba ba za ka lura ba. In kaset ɗin Baba yana nan ku saka su ɗaya bayan ɗaya ka ji da kunnenka.

TAMBAYA: Don Allah ta yaya mutum zai gane orijinal tun a shago kafin ya biya? Ni duk iri ɗaya nake ganinsu. Daga wata baiwar Allah a Fadamar Mada, Bauchi.

AMSA: Hajiya fara da juya faifan ki dubi bayansa a haske. Wanda aka buga a masana'anta fari ne kal kamar azurfa, wanda aka ƙona a kwamfuta kuwa yawanci za ki ga ya ɗan yi kore-kore ko shuɗi-shuɗi, kuma sau da yawa ana ganin iyakar inda rubutun ya tsaya kamar zobe. Sai ki dubi kewayen ramin tsakiya, na masana'anta yana da 'yan ƙananan lambobi, tun 1994 ake saka wata lamba mai farawa da IFPI wadda ke nuna masana'antar da ta buga shi. Sai kwali: akwai sunan kamfani da adireshin da za a iya zuwa? an faɗi shekarar da aka ɗauki waƙar? an faɗi daga wa aka karɓi izini? In kika ga hoton mawaƙi ya yi dishi-dishi, an rubuta sunansa ba daidai ba, babu komai sai lambar waya, to kin san inda aka dosa.

Sai lissafi mai sauƙi. CD na sauti na gaskiya ba ya wuce minti 80. In aka ce miki waƙa 100 ce a faifai ɗaya to MP3 ne aka loda, don megabayit 700 yana ɗaukar wajen awa 12 in an matse waƙoƙin a kan kilobit 128 a daƙiƙa, alhali CD na sosai 1,411 yake tafiya, kin ga an zubar da kaso mai yawa ke nan. Wasu kuma wayo suke yi, su sauko da MP3 daga YouTube su mayar da shi CD na minti 80, wannan sai a kwamfuta ake kama shi, akwai wata 'yar manhaja kyauta mai suna Spek da ke zana hoton sauti, za ki ga an yanke saman a miƙe kamar da reza a wajen kilohaz 16, wato ma'aunin kaifin sauti. In kuma waƙa ta katse tana tsaka da tafiya wajen minti 30 ko 45, gefen kaset ne ya ƙare.

Amma fa a yi adalci, ƙonawa a kwamfuta ba shi ne sata ba, iyalan mawaƙi na iya ƙona nasu su sayar da hannunsu kuma halal ɗinsu ne, sannan manyan ɓarayin fasaha su ma a masana'anta suke bugawa da kwali mai sheƙi. Abu ɗaya dai, faifan ƙonawa ba ya shiri da rana, kar ki bar shi a gaban mota a zafin watan Afrilu.

TAMBAYA: Yallaɓai ni sana'ata ke nan, ina tura waƙoƙi a memori ina kuma ƙona CD. Mawaƙan nan sun rasu tuntuni, kamfanonin da suka ɗauke su ma babu su, in ba don irinmu ba da waƙoƙin sun ɓace. To wa na cuta? Kullum sai a riƙa ce mana 'yan satar fasaha. Daga Azare.

AMSA: Maigida maganarka akwai gaskiya a ciki kuma ba zan ɓoye ba, waƙoƙi da dama a hannun masu shagon kaset suka tsira, ba a wata ma'ajiyar gwamnati ba. Amma tambayarka wa ka cuta, amsarta tana gidan mamacin, akwai magada.

Ga yadda doka ta tsara. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, kuma hukumar kare haƙƙin mallaka ta Najeriya, wato NCC, ke kula da ita, ta raba abin gida biyu. Akwai haƙƙin ɗaukar sautin kansa, wannan shekara 50 ne daga lokacin da aka fara fitar da shi. Akwai kuma haƙƙin waƙar, wato baitoci da karin da mutum ya ƙirƙira, wannan yana nan har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Ɗauki misalin Alhaji Mamman Shata da ya rasu a 1999, ko da faifan da aka buga a 1972 ya cika shekara hamsin ɗinsa, waƙar da ke ciki tana da masu ita har ƙarshen 2069. Ɗan Maraya Jos ya rasu a 2015, kai ma yi lissafin. Mutane da yawa rabin farko kawai suke ji su ce ai ta zama ta kowa.

Batun kamfani ya mutu kuma, ba kasafai haƙƙi ke mutuwa tare da allon kamfani ba, sayar da shi ake yi ko a gaje shi. EMI ta Najeriya ta koma Ivory Music, Polygram ta koma Premier, tsofaffin kayansu ba a titi aka zubar ba.

Ni abin da nake gani, mutum ya kwafa wa kansa kaset ɗin da ya mallaka don kar ya lalace, wannan daban, amma ka buga ɗari biyar ka yi musu kwali ka baza a tasha, wannan kasuwanci ne da gumin wani. Kuma hanyar gyara ba ta da nisa kamar yadda ake zato, yawancin gidajen makaɗan nan sanannu ne, akwai ɗa ko ƙane da ya gaji kiɗan, ka je ku zauna ku yi yarjejeniya a rubuce da shaidu, ko kaso ne a kan kowane faifai ko kuɗi dunƙule, ka rubuta a kwalinka cewa da izinin iyalai. Wallahi har kasuwa sai ta fi, kuma sau da yawa a hannunsu za ka samu kaset mai kyan da ba ka taɓa ji ba. Ɓangaren fatawa kuwa ga malamai nan cike da Azare, ka tambaye su.

TAMBAYA: Yayana ya aiko min CD daga Ingila na wata ƙungiyar kiɗa ta Legas ta shekarun 1970, har da ɗan littafi a ciki, amma ina jin ƙaraf-ƙaraf kaɗan kamar na garmaho. Jabu ne? Daga Yelwa, Bauchi.

AMSA: Ba lallai ba ne ƙanena. Kamfanoni irin su Soundway a Ingila da Analog Africa a Jamus sun yi suna wajen tono tsofaffin faya-fayan Afirka su nemi masu su su sake fitarwa, kuma in masta ya ɓata dole daga faifan garmaho za a ɗauko. Zare ba ya son laima da zafi, wasu na shekarun 1970 da 1980 har danƙo suke yi sai an gasa su a hankali kafin su juyu, kuma ko a Amurka gobarar 2008 a ma'ajiyar Universal ta cinye mastoci masu ɗimbin yawa. Duba ɗan littafin, masu aikin kirki suna faɗin daga ina suka ɗauko da wanda ya ba su lasisi. Ka ga ke nan faifai na iya zama halal da ƙaraf-ƙaraf ɗinsa, wani kuma ya fita tas alhali na sata ne.

TAMBAYA: Kawu, mahaifinmu Allah ya ji ƙansa ya bar mana kwali biyu na kaset da faya-fayan garmaho kusan talatin, Inna ta ce a ba 'yan gwangwan tunda yanzu komai yana waya. Mu bayar? Daga Kumo.

AMSA: Allah ya gafarta masa. 'Yata ki roƙi Inna ta dakata, ba komai ne ke waya ba, kuma abin da ke wayar ma yawanci jikan jikan kwafi ne da ya sha matsa a WhatsApp. Mai yiwuwa a cikin kwalin nan akwai ɗaukar da babu ita a ko'ina.

Ki fara ware waɗanda aka rubuta wa suna da hannu, irin bikin wane ko wasan sallah a fada, su ne masu tsada. Ki ɓalle 'yan haƙoran nan na saman kowane kaset don kar wani ya danna jan maɓallin ɗauka ya goge. Ki sa biro ki juya zaren a hankali ki ga ba ya kamawa, ki duba ɗan soson da ke ƙarƙashin zaren yana nan. A nemo rikoda mai lafiya a goge kanta da auduga da sifirit, a haɗa ta da kwamfuta da waya, ba a kara wayar hannu a bakin sifika ba, a ɗauka da manhajar Audacity, kyauta ce, a ajiye a tsarin WAV da ba ya matse sauti, yadda ya fito ba tare da an taɓa komai ba. In ana son gyara a yi a kan kwafi, kuma a ajiye a wuri biyu.

Faya-fayan garmaho kuma a tsaye ake jera su a inuwa, kar a ɗora wani kan wani. Masu lamba 33 da 45 roba ne, ana wanke su da ruwa mai tsabta da ɗigon sabulu a kiyaye takardar tsakiya, amma masu nauyin nan masu lamba 78 kar sifirit ya kusance su, narkar da su yake yi, kuma in suka faɗi fashewa suke kamar tangaran. In kin gama warewa ki rubuto min sunayen da ke jiki da shekarun da aka buga, sai mu ga waɗanda ya kamata a fara da su.