Kafin ka tura wa masu fakitin nan saƙon faɗa

Ɗana, jiya da yamma ka tambaye ni a gaban sauran yara dalilin da ya sa na hana ka tura saƙon da ka rubuta wa masu fakitin da muke fitar da takardun sakamakon ɗalibai da shi, wato manhajar kyauta da wasu suka rubuta muka saka a cikin aikinmu. Ka ce, "Maigida, ai gaskiya na faɗa. Wata uku ke nan da wani ya kai ƙorafin nan ba su tanka ba, ga sunayen yaran mutane suna fitowa da akwatuna a gurbin ƙ da ɗ. In ba za su iya ba su ba wasu mana." Lokacin an fara kiran magariba, sai na ce ka bari zan ba ka amsa a natse. Ga ta nan a rubuce, don ka karanta bayan ranka ya huce.

Na san abin da ya tunzura ka. Shugaban makarantar ya kira ka sau huɗu, kuma duk uban da ya karɓi takarda ya ga an yi wa sunan ɗansa ɓaraka a tsakiya, ba zai tambayi wane ne ya rubuta fakiti ba, kai zai nema. Haushinka a kan hanya yake. Inda ka kauce shi ne wanda ka ɗora wa laifin.

Da na duba da daddare, fakitin lafiyarsa ƙalau. Tsarin PDF yana da wasu nau'o'in haruffa 14 na asali, irin su Helvetica da Times da Courier, waɗanda ake sa ran kowace manhajar karatu tana da su. Shi ya sa fakitoci da yawa suke ɗaukar Helvetica in ba ka zaɓa musu wani ba. To, jerin baƙaƙen da ake amfani da su a waɗannan na harsunan yammacin Turai ne, gurbinsu bai wuce 256 ba. Babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ, babu ƴ ɗin da 'yan'uwanmu na Nijar suke rubutawa, ko alamar naira ma ba ta ciki. A tsarin Unicode kowannensu yana da lambarsa: ƙ tana U+0199, ɗ tana U+0257, ɓ tana U+0253. Ka lura ƙananan ɗ da ɓ ma suna cikin rukunin baƙaƙen masana furuci ne, manyansu kuma suna wani rukuni dabam, abin da ya sa wani lokaci za ka ga nau'in harafi yana da ɗaya ba shi da ɗayan. Maganin shi ne ka cusa wa takardar nau'in harafin da ke ɗauke da su, kamar Noto Sans ko DejaVu Sans. Layi biyu ne, kuma yana cikin bayanin amfani da fakitin, a sashen da ba ka kai ba.

Amma ba wannan ne ya sa na riƙe hannunka ba. Ko da laifinsu ne ɗari bisa ɗari, da na hana ka. Maganar ƙarshen nan ce, "in ba za su iya ba su ba wasu". Da na gan ta sai da gabana ya faɗi, domin na taɓa ganin inda ta kai mutane.

Akwai wata ƙaramar manhaja mai suna xz. Aikinta matse fayil ya ƙanƙance, kuma kusan duk saba, wato kwamfutar da ke riƙe da shafuka da bayanai a intanet, da ke tafiya a kan tsarin Linux tana ɗauke da ita, har da tamu. Mutum ɗaya ne ya riƙe ta shekara da shekaru, wani ɗan ƙasar Finland mai suna Lasse Collin, ba tare da albashi ba. A 2021 sai wani ya ɓullo da sunan Jia Tan, ya fara aiko da ƙananan gyare-gyare masu kyau, cikin ladabi, ba ya gajiya. A 2022 kuma wasu sunaye suka bayyana a zauren da ake tattauna aikin, suka sa Collin a gaba: aiki ya tsaya, gyare-gyare sun taru ba a duba ba, ba za a ci gaba ba sai an samu sabon mai kula. Mutumin ya amsa cewa rashin lafiya na damunsa, kuma su tuna aikin sa-kai ne ba biyansa ake yi ba. Ba su sassauta ba. Su kuwa sunayen nan ba a san su da wani aiki a ko'ina ba, abin da ya sa masu bincike da yawa suke ganin hannu ɗaya ne ke juya su duka, wannan ya matsa, wancan ya miƙo hannun taimako. Sannu a hankali Jia Tan ya samu ikon shigar da gyara da kansa, har ya kai ga fitar da sabuwar siga.

Sai da ya yi haƙurin sama da shekara biyu kafin ya yi abin da ya kawo shi. A sigogi 5.6.0 da 5.6.1, waɗanda suka fito a Fabrairu da Maris na 2024, ya haƙa ɓarauniyar hanya. Dubi yadda ya ɓoye ta, domin nan ne darasin sana'a yake. Bai rubuta ta a fili cikin kod, wato ainihin rubutun manhajar, inda ido zai gani ba. Ya cusa ta cikin fayilolin gwaji, waɗanda dama kowa ya san tarkace ne da ba a karantawa, sannan ɗan rubutun da ke zaƙulo ta lokacin haɗa manhajar ya sa shi a cikin ƙunshin da ake saukewa kawai, ba a ma'ajin da jama'a ke dubawa ba. Abin da ya nufa shi ne SSH, ƙofar da ni da kai muke bi kullum mu shiga saba daga nesa. Da ta yaɗu, mai riƙe da mabuɗin zai iya ba sabobi masu ɗimbin yawa umarni kamar nasa ne.

Wanda ya gano ta ba jami'in tsaro ba ne. Wani injiniya ne Bajamushe, Andres Freund, mai aiki a Microsoft kan rumbun bayanai na PostgreSQL. Yana auna saurin aikinsa ne sai ya ga SSH na cin ƙarfin kwamfuta fiye da kima, shiga kuma tana ɗaukar ƙarin kusan rabin sakan. Rabin sakan, ɗana. Mu nan da mun ce netwok ne. Shi kuwa ya ce ruwa ba ya tsami banza, ya bi sawu har ya kai gindin abin, ya sanar da duniya ranar Juma'a 29 ga Maris 2024. A lokacin gubar ta shiga sigogin gwaji na Debian da Fedora, wasu nau'o'in Linux, amma ba ta kai ga tabbatattun sigoginsu da yawancin sabobi ke amfani da su ba. Da ƙyar aka sha.

Ba ina ce maka kai ɓarawo ba ne, Allah ya kiyaye. Ina nuna maka ne cewa ɓarawon bai fasa katanga ba, gajiyar mutum ɗaya ya bi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma abin da ke tsaga wannan bangon shi ne irin saƙon da ka rubuta, in ya zo daga mutum ɗari a wata guda. Mai kula da fakiti ba ya iya bambance na mugu da na mai gaskiyar da ransa ya ɓaci. Duka nauyinsu ɗaya a kansa idan ya buɗe kwamfuta bayan ya dawo daga aikin da yake ci da iyalinsa.

Ka buɗe jakar fakitocin aikin makarantar nan ka ƙirga. Mu da hannunmu ba mu kira fiye da ashirin ba, amma kowanne ya jawo nasa, nasan ya jawo nasa, har suka zama ɗaruruwa. Ko sisi ba mu biya ba, kuma lasisin kusan kowannensu ya faɗa da manyan baƙaƙe cewa an ba ka ne yadda yake, babu lamuni. Mu ne muka karɓi kuɗin makaranta, don haka mu ke da bashin gyara. A Maris 2016 wani ya yi fushi kan rigimar suna da wani kamfani, ya janye fakitocinsa sama da 250 daga npm, rumbun da ake sauke fakitoci daga cikinsa. Cikinsu akwai left-pad, mai layi 11 kacal, wanda aikinsa cike gurbi a gefen hagu na rubutu. Nan take haɗa manyan ayyuka irin su Babel ya tsaya cik a faɗin duniya, sai da npm ta maido da shi. Lokacin da matsalar tsaro mai suna Heartbleed ta fito a manhajar OpenSSL a Afrilu 2014 kuwa, sai aka farga cewa ita OpenSSL ɗin, wadda ke tsare sirrin babban kaso na shafukan intanet, gudummawar da take samu a shekara ba ta wuce kusan dala 2,000 ba. Wannan ne ya sa nake matsa maka ka tambayi kanka kafin ka ƙara fakiti: mutum nawa ne ke riƙe da shi, yaushe aka taɓa shi, kuma abin da nake so ba zan iya rubuta shi da kaina a layi ashirin ba? Shi ne kuma ya sa ba na yarda a sabunta komai a sabar abokin ciniki ba tare da an ɗaure siga an gwada a gefe ba. Na taɓa kwana a ofishin wata makaranta saboda sabuntawar da ta shigo da kanta ana gobe raba sakamako, kuma ba na so ka ɗanɗana irin wannan daren.

Za ka ce, to shi ke nan ba a kai ƙorafi? Ana kaiwa, har ma wajibi ne. Ƙorafi mai kyau kyauta ce ga mai fakiti. Sai dai akwai yadda ake shirya shi. Ka rage matsalar har ta zama 'yar ƙaramar manhaja ta layi goma da kowa zai iya kunnawa ya ga abin da ka gani. Ka faɗi sigar fakitin da ta tsarin da kake kai. Ka faɗi abin da ka zata da abin da ya fito, ka haɗa da hoto. Ka faɗi abin da ka riga ka gwada. A irin matsalarmu ka rubuta lambobin Unicode na baƙaƙen, domin wanda ke zaune a Turai ko Indiya wataƙila bai taɓa ganin ƙ ba, ba shi da ita a allon rubutunsa, kuma ba zai san cewa miliyoyin mutane ne ke rubutu da ita ba sai ka gaya masa. Sau da yawa kafin ka gama rage matsalar zuwa layi goma za ka ga amsar da kanka. Da ka yi haka shekaranjiya, da ka ci karo da Helvetica tun kafin shugaban makarantar ya kira na biyu.

Kuma ka cire "don Allah a gaggauta" da "har yanzu shiru?" daga bakinka. Gaggawar taka ce. In ba za ka iya jira ba, ka ɗauki kwafin kod ɗin ka gyara a wurinka, lasisin ya ba ka dama, sannan ka aika musu gyaran su duba a lokacinsu.

Wata rana kai ma za a yi maka tsawa a irin waɗannan zauruka. Za ka yi tambaya a ce maka ka je ka karanta bayani, ko a rufe ta a ce an riga an amsa. Yana da ciwo, musamman ga wanda ke fama da Turanci da kuɗin data a lokaci guda, kuma ban yarda da masu cewa rashin kunya alamar ƙwarewa ce ba. Na zauna da manyan masana a sana'ar nan, mafi yawansu masu sanyin baki ne. In an yi maka, ka tsince abin amfani a cikin maganar ka bar sauran. Abin da ba na so shi ne ka kwaso halin ka kawo shi rukunin WhatsApp ɗinmu, inda yaran da suka fara jiya suke tambayar yadda ake buɗe Git, manhajar adana tarihin gyare-gyaren kod. Na ga yadda ka amsa wa ɗaya daga cikinsu makon jiya da kalma biyu. Bai sake tambaya ba tun ranar, kuma ba don ya gane ba ne.

Akwai abin da nake so ka riƙe game da mu masu rubutu da Hausa. Idan ƙ da ɗ sun lalace a wata manhaja, da wuya wani daga wata nahiya ya lura, domin ba sunan ɗansa ne ya ɓaci ba. Mu ne za mu gani, mu ne za mu kai rahoto, kuma in muna so abin ya ɗore mu ne za mu rubuta gwajin da zai hana shi sake lalacewa. Mai fakitin da ya ga saƙo na farko daga Bahaushe faɗa ne, zai tuna. Wanda ya ga gyara ne a shirye da gwajinsa, shi ma zai tuna.

Gobe in Allah ya kai mu, ka fara da cusa Noto Sans a takardar, ka fitar da sakamakon aji guda, ka duba sunaye masu ƙ da ɗ da ɓ da idonka, manya da ƙanana, da alamar naira a wurin kuɗin makaranta. Ka kira shugaban makarantar da kanka ka ba shi haƙuri. Daga nan ka koma wurin ƙorafin nan da ya yi wata uku ba amsa, ka rubuta wa wanda ya kai shi yadda aka warware, da layukan biyu a gabansa. In ka ga sashen bayanin nasu yana da wuyar samu, kamar yadda ya yi maka, ka rubuta sakin layi guda mai misali da sunan Hausa a ciki, ka kawo mini mu duba Turancin tare kafin ka aika musu.