Me ya sa waƙoƙin garuruwan bakin teku suke haɗa so da kuka?

Malam, ka tambayi dalilin da mawaƙan garuruwan bakin teku masu fama da talauci suke yabon garinsu kuma suna yi masa kuka. A ganina teku ne sila: shi ke ciyar da gari, shi ke kwashe 'ya'yansa. In kifi ya ja baya, tashar jirage ta mutu, samari sai su tafi, a bar tsofaffi da kwale-kwale kife a kan rairayi.

Dubi garin Mindelo a Cape Verde, ƙasar tsibirai da ke cikin teku a yammacin Afirka. Garin ya yi tashe sa'ad da jiragen ruwa ke tsayawa ɗibar kwal, daga baya harkar ta durƙushe. Fari da yunwa kuma suka kori mutanen tsibiran zuwa ƙwadago a tsibirin São Tomé da ci-rani a Amurka da Turai. A Mindelo aka haifi Cesária Évora a 1941, wadda ta kai kiɗan morna duniya, tana hawa dandali ba takalmi. Kiɗa ne mai tafiyar hawainiya, jita na bi a hankali, murya a ƙasa-ƙasa. Mai waƙar ba ta tsine wa garin. Mutanen da suka tafi take kira. A 2019 UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya morna cikin al'adun gado na duniya.