Lissafi ya kayar da ni, in sake komawa?

Tambaya: Anti, na gama sakandare a 2016, na faɗi lissafi a WAEC, daga nan aka yi min aure. Yanzu ina da yara, ina ɗinki a gida. Ƙawayena har sun gama hidimar ƙasa. In muka haɗu a biki sai in ji ban tsinana komai ba. Lokaci bai ƙure min ba?
Mai ɗinki, Tudun Wada, Gombe

Amsa: Ƙanwata, bai ƙure ba, kuma maganar "ban tsinana komai ba" ta sosa min rai. Macen da ke taka keke har dare a makon sallah, ta saya wa yaranta littafi da takalmin makaranta da guminta, ta tsinana.

Sakamakonki na da bai mutu ba. Yawancin makarantu suna karɓar kiredit biyar, har da Turanci da lissafi, ko da a zaman jarrabawa biyu aka same su. Ki yi rajistar jarrabawar NECO ko WAEC ta masu zaman kansu, ki haɗa da tsohon. Tun yanzu ki nemi tambayoyin shekarun baya da malamin da zai riƙa zama da ke bayan la'asar, don lissafi sai da biro a hannu.

In kin samu, akwai Jami'ar Jihar Gombe ta hanyar JAMB. A ganina NOUN, wato buɗaɗɗiyar jami'ar ƙasa ta karatu daga nesa, ta fi dacewa da mai ɗinki da goyo, tunda tana da cibiya a Gombe kuma yawancin karatun daga gida ake yi. Ki zauna da maigida ku tsara kuɗin rajista da wanda zai riƙe yara ranar jarrabawa.