Wasan Kati na Bulokcen: Ta Ina Sabon Shiga Zai Fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne. Na shafe watanni ina irin wasannin nan na danne-danne a waya, ranar da aka zo rabo ko kuɗin data ban mayar ba. Yanzu wani abokina ya ce in koma wasan kati na bulokcen irin Splinterlands, wai can katin naka ne, in ka ga dama ka sayar. Don Allah ta ina zan fara, nawa zan zuba, kuma da gaske ana samu? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abokinka bai yi maka ƙarya ba, sai dai rabin zancen ya faɗa maka.

Wasan tara kati da musayarsa ya girmi bulokcen nesa ba kusa ba. Tun 1993 aka fito da Magic: The Gathering a Amurka, mutane na sayen kati na takarda, su kara da juna, su sayar da mai wuyar samu da tsada. Da abin ya dawo cikin waya sai katin ya koma ajiyar kamfani: ka biya kuɗi, amma ba ka da ikon sayar wa kowa. Abin da bulokcen ya canza shi ne wurin rajista. Ana rubuta sunan mai kati a kundin da kwamfutoci da yawa ke riƙe da shi tare, don haka kana iya sayarwa, ka ba da haya, ko ka yi kyauta. Ragowar zancen da ba a faɗa maka ba shi ne, katin ba ya da wani amfani sai a cikin wasan. Idan 'yan wasa suka ragu, ko aka canza doka, kana nan da katinka kamar mai rumfa a kasuwar da ta tashi. Takardar mallaka na hannunka, mai saye ne babu.

Tunda Splinterlands ka ambata, bari mu tsaya a kansa. Jesse Reich da Matthew Rosen suka kafa shi a 2018 da sunan Steem Monsters, a kan bulokcen ɗin Steem, sannan ya koma bulokcen ɗin Hive a 2020. A harkar da wasanni ke fitowa da safe su mutu kafin la'asar, wannan daɗewar abin lura ce, kuma shi ya sa nake ganin ya dace da mai koyo.

Makonni biyu na farko kada ka kashe ko sisi. Ka yi rajista da imel a shafin wasan na asali, za a ara maka katunan farawa, ka yi ta karawa da su. Wasan na buɗewa a waya, kuma ba ya cin data sosai.

Yadda ake buga shi ya bambanta da karta ko Whot da ka sani, inda ake jefa kati bi da bi. A nan duk dabarar tana kafin a fara faɗa. Za a nuna maka dokokin wannan karawar da adadin ƙarfin da aka yarda ka kashe, wanda suke kira mana (ba "mana" tamu ta "zo mana" ba). Wani lokaci adadin bai kai 20 ba, wani lokaci har 99. Kowane kati da nasa farashin a wannan ma'aunin. Sai ka zaɓi jagora ɗaya, wanda aka daɗe ana kira Summoner, ka jera mayaƙa da ba su wuce shida ba a bayansa. Jagoran ne ke yanke gidan da za ka ɗebo mayaƙa: wuta, ruwa, ƙasa, rayuwa, mutuwa, ko gidan Dragon, ga kuma 'yan ba-ruwanmu da ke shiga kowace runduna. Da ka miƙa jerin, hannunka ya fita. Kwamfuta ce za ta buga faɗan, kai sai kallo.

Saboda haka jeri shi ne komai, kuma a nan sababbin shiga ke shan kashi. Hari iri uku ne. Mai sara da hannu ba ya kai hari sai yana sahun gaba, in ba yana da wata baiwa ta musamman ba. Maharbi kuwa akasin haka ne, da ya tsinci kansa a gaba ya daina harbi. Mai tsafi yana bugu daga ko'ina, kuma bugunsa na ratsa sulke ya taɓa rai kai tsaye. To ka ga wanda ya sa maharbi a gaba, ko ya cika baya da masu sara, ya kashe mana a kan katunan da za su tsaya suna kallo ana dukansu. A gaba ka sa mai jini da sulke, a bayansa mai warkarwa idan kana da shi, sannan kada ka bar rarrauna a can ƙarshe, domin akwai katunan da ke zagayawa su fara da na baya.

Ka riƙa karanta dokar kowace karawa kafin ka taɓa kati. Akwai wadda ke hana masu tsafi shiga, akwai wadda ke juya gudu ta yadda mai nawa shi ke fara bugu, akwai ta girgizar ƙasa da ke cin duk wanda ba ya tashi sama. Rundunar da ta ci maka wasa biyar a jere za ta iya zama abin dariya a na shida. Wasan kan kuma nuna maka irin rundunonin da abokin karawarka ya yi amfani da su a baya-bayan nan. Mutane da yawa ba sa dubawa, alhali rabin amsar jarrabawa ce aka ajiye musu.

Idan bayan makonni biyun ka ga kana jin daɗin wasan don kansa, sai ka sayi abin da suke kira Spellbook, dala 10. Shi ne ke buɗe maka cikakken asusun Hive, ya ba ka damar cin lada da fitar da abin da ka mallaka. Idan kuwa ka ga gundura yake sa ka, to ka tsira da dala gomanka, ka nemi wani abin.

Daga nan maganar makullai ta taso, kuma ita ce na fi so ka riƙe. Asusun Hive yana zuwa da makullai huɗu, da babbar kalmar sirri da ta haife su. Na Posting shi ne na harkar yau da kullum, da shi ake shiga wasa. Na Active shi ke motsa kuɗi da kati. Na Owner shi ne uban gida, mai shi na iya canza sauran duka. Na Memo na saƙonni ne, ba zai dame ka ba. Ka nemi makullanka da zarar ka biya, ka rubuta su da biro a takarda, ka adana inda kake adana takardun makaranta. Kada ka ɗauki hotonsu, kada ka tura wa kanka ta WhatsApp. Ka saka manhajar Hive Keychain, ka zuba mata na Posting da na Active, ita za ta riƙa sa hannu a madadinka ba tare da ka liƙa makulli a wani shafi ba. Na Owner ya zauna a takarda. Duk wanda ya biyo ka ta saƙon sirri ya ce shi ma'aikacin wasan ne, ko ya turo maka mahaɗin karɓar kyauta, ɓarawo ne, ko da sunansa da hotonsa sun yi kama da na gaske. A bulokcen babu manajan banki da za ka kai wa kuka. Abin da ya fita ya fita, har da wanda ka tura da kanka saboda kuskuren harafi ɗaya a sunan asusu. Daɗin Hive dai shi ne ba a cajin kuɗin aikawa, kuma cikin daƙiƙa uku ake rubuta ciniki.

Bayan Spellbook, haya za ka fara, ba saye ba. A cikin wasan da kuma shafin PeakMonsters akwai kasuwar haya, ana biya da kuɗin wasan mai suna DEC. Da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba za ka gwada katin da sayensa zai ci maka kuɗin wata. Ka zaɓi gida biyu ka ƙware a kansu, kada ka rarraba. Ka kuma fara da jagora, domin ana ɗaga matsayin kati ne ta hanyar haɗa irinsa da yawa wuri guda, kuma matsayin jagora shi ke ƙayyade na mayaƙansa. Ƙaton mayaƙi a ƙarƙashin ƙaramin jagora, ƙarami zai koma a fili.

Wani dalilin haya shi ne juyin zamani. Manyan fagagen wasa biyu ne: Modern, mai karɓar sababbin fitowa kawai, da Wild, mai karɓar kowane kati. Idan sabon zubin kati ya fito, kamar yadda Rebellion ya fito a ƙarshen 2023, tsofaffi kan fice daga Modern, masu nemansu su ragu. Sabon shiga da ya ga kati ya yi arha ya yi wuf ya saya, sau da yawa wanda ake shirin sallama ya kwasa.

Fakiti kuwa ka bar shi. Kati biyar ne a rufe, ba ka san abin da ke ciki ba sai ka biya, kuma galibi na gama-gari za ka tarar. Da kuɗin nan gara ka je kasuwa ka sayi katin da ka gwada ka ga aikinsa. Can kana ganin haja da farashinta, nan kuwa sa'a kake saye, abin da ya sa mutane da dama ke ganin ya yi kusa da caca. Hukuncin wannan, da na harkar kirifto gaba ɗaya, ka kai wa malamin da ka yarda da iliminsa, ka kuma bayyana masa yadda abin yake dalla-dalla.

Sai tambayarka ta ƙarshe. An samu, a 2021. A watan Yulin shekarar aka fito da SPS, ɗaya kuɗin wasan, farashinsa ya kai wajen dala ɗaya, daga baya ya zubar da fiye da kashi 90 cikin 100. DEC an tsara shi ne dubu ɗaya su yi daidai da dala ɗaya. Ya haura haka lokacin da kasuwa ke ci, ya kuma daɗe a ƙasa da haka bayan ta lafa. Irin wannan ya faru da wani wasan bulokcen mai suna Axie Infinity, wanda mutane a Filifin suka mayar sana'a lokacin korona, har ladan ya koma ba ya sayen komai. Dalili ɗaya ne: ladan da ake rabawa sabon kuɗin wasa ne da ake ƙirƙira, darajarsa na tsayawa ne muddin ana samun masu shigowa da kuɗin gaske. Su ma masu Splinterlands sun sha gyara tsarin lada. Daga 2023 katunan lada sun koma irin waɗanda ke manne da asusu, ba a sayar da su nan take, kuma yawan SPS da ka ɗaure, wato ka kulle a asusunka, yana shafar abin da za ka ci. Waɗanda ke fita da wani abin kirki su ne masu tarin kati da ke ba da haya, da gwanayen da ke cin gasa. Ɗalibi mai dala 10 ba ya cikinsu tukuna.

Idan abin da kake so shi ne ka riƙa jefa kati da hannunka bi da bi, ka leƙa wani wasan kati na bulokcen mai suna Gods Unchained, shi ma ana fara shi kyauta.

A batun nawa za ka zuba, ka yanke adadi tun yanzu: kuɗin Spellbook, da kamar rabinsa na haya a wata na farko, daga kuɗin da ka saba kashewa a kallon ƙwallo, ba na rajistar makaranta ba, ba kuma bashi ba. Ka sami ɗan littafi ka riƙa rubuta abin da ya shiga da wanda ya fita, da naira, har da data. A ƙarshen watan ka gwada fitar da ɗan abin da ka tara, komai ƙanƙantarsa, tun daga cikin wasan, ta kasuwar musaya, har ya sauka a asusunka na banki. Sai ka ga abin da ya iso hannunka bayan an yanke na hanya, sannan ka yanke ko za ka sabunta hayar wata na biyu.