Amsa ga 'yata da ke neman zuwa aikin jinya a Ingila

'Yata, saƙonki ya same ni ina tsakiyar aikin dare, kuma sai da na kwana biyu kafin na samu natsuwar amsa shi, domin shi ne na huɗu da ya zo mini daga Gombe a wannan watan a kan magana ɗaya. Sauran ukun na sallame su da layi biyu, amma ke 'yar Yaya ce, ba zan yi miki haka ba. Kin tambaye ni nawa ake biya, kin tambaye ni ko ajan ɗin da ya yi miki alkawarin biza cikin wata uku abin yarda ne, sannan kin ce tunda kin saba riƙe ɗakin mata duk lokacin da sista ba ta nan, kina sa ran a ɗauke ki a matsayin shugaba da zarar kin sauka.

Maganar albashi ba zan ɓata lokaci a kanta ba, domin yana nan a rubuce a intanet, sai dai ki sani abin da ke kan takarda ba shi ke shiga aljihu ba bayan an cire haraji, an biya haya, an biya kuɗin ɗumama ɗaki. Shi kuwa ajan, ki rabu da shi. Nijeriya tana cikin ƙasashen da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a matsayin masu ƙarancin ma'aikatan lafiya, saboda haka ƙa'idar Birtaniya ta hana asibitoci da kamfanoni zuwa farautar ma'aikata a can. Abin da aka yarda da shi shi ne ki nemi aikin da kanki. Idan kuma ta ƙofar aikin kula da tsofaffi yake son shigo da ke, an rufe ta ga masu zuwa daga waje tun watan Yulin 2025. Ki tuna da abin da ya faru a 2023, lokacin da NMC, wato majalisar da ke yi wa ma'aikatan jinya rajista a nan, ta gano maguɗi a wata cibiyar jarrabawar kwamfuta a Ibadan, ta soke sakamakon mutum kusan 2,000. Waɗanda ba su ji ba ba su gani ba sai da suka sake zama jarrabawar, mu kuma da muka daɗe a nan muka yi watanni muna shan kallo. Hanyar gaskiya sananniya ce: maki 7 a jarrabawar Turanci ta IELTS, ana karɓar 6.5 a ɓangaren rubutu, ko kuma ki yi OET, wato jarrabawar Turanci ta ma'aikatan lafiya. Sai jarrabawar kwamfuta, sai tantancewar majalisar jinya ta gida, sai jarrabawar aiki mai zango 10 da ake kira OSCE bayan kin iso.

Tambayarki ta uku ce ta hana ni barci. A asibitocin NHS, wato na gwamnati, wanda ya samu rajista a mataki na 5 na tsarin albashi yake farawa, ko da kuwa a gida shi ke raba wa wasu aiki. Ni da na baro gida da shekara tara a bakin aiki, a nan na fara, kafaɗa da kafaɗa da yaran da suka gama jami'a a shekarar. Wannan ya yi mini ciwo ƙwarai, amma yau na yarda cewa da sun ba ni ɗaki na riƙe a lokacin, da na cuci wani, kuma zan gaya miki dalili.

A watana na biyar aka ba ni wani dattijo da aka yi wa aikin hanji. A nan akwai ma'aunin da ake kira NEWS2, inda ake haɗa sakamakon awon numfashi, da yawan iskar da ke cikin jini, da hawan jini, da bugun zuciya, da zafin jiki, da hayyacin majinyaci, a fitar da lamba ɗaya. Idan ta kai 5 dole likita ya duba shi cikin gaggawa, idan ta kai 7 kuwa sai a kira tawagar ceto. Wajen ƙarfe uku na dare lambarsa ta tashi daga 4 zuwa 6. Na kira ƙaramin likita, ya ce in ci gaba da ƙarin ruwa, yana nan tafe. Na tsaya a bakin gadon ina kallon agogo, ina taɓa goshin dattijon ina jin gumi mai sanyi, ina ganin jakar fitsarinsa ko motsi ba ta yi ba, zuciyata tana gaya mini ƙwayoyin cuta sun shiga jininsa. Lambar wayar babban likita tana manne a bango, wayar tana kusa da hannuna, amma na kasa ɗauka, domin inda na koyi aiki, nas ta tsallake likita ta kira na gaba da shi rashin kunya ne da za a daɗe ana yi mata gorinsa. Sai da awa guda ta wuce, lambar ta kai 8, sannan na kira. Allah ya sa da sauran shan ruwansa, ya yi kwanaki a sashen kulawa ta musamman ya tashi.

Washegari shugabar ɗakin ta kira ni ofis. Na shiga na riga na shirya wa zagi, amma sai ta rufe ƙofa, ta haɗa mini shayi da hannunta, ta tambaye ni abin da ya hana ni kira. Na sunkuyar da kai kamar yadda aka tarbiyyantar da mu, ita kuwa sai ta ɗauka wani abu nake ɓoyewa, ta ce in ɗago in dube ta. Da na yi mata bayani ta yi shiru, sannan ta ce idan na tashi babban likita da tsakar dare ya yi fushi, ita za ta tsaya mini ko a gaban wa, amma idan na yi shiru majinyaci ya mutu, babu abin da za ta iya yi mini. Tare muka cike rahoton a Datix, manhajar da ake kai rahoton kurakurai, tare kuma muka zauna da 'yar dattijon muka gaya mata an samu jinkiri, muka ba ta haƙuri. Na fita ina mamakin asibitin da ke tona wa kansa asiri, sai daga baya na gane cewa wajibi ne a doka. Tushensa abin da ya faru a asibitin Stafford ne, inda marasa lafiya suka wahala tsawon shekaru alhali ma'aikata da yawa suna gani suna tsoron magana, har binciken Robert Francis ya fito a 2013, aka wajabta faɗa wa majinyaci gaskiya idan an cutar da shi.

Ba ina cewa ki zubar da kunyarki a filin jirgi ba. Ita ce ke sa tsofaffin nan suke tambayar ina nake idan ba su gan ni ba, domin ba na ɗaga musu murya kuma ba na yaye musu zane ba tare da sallama ba. Amma a bakin gado, girmama na gaba ba ya rufe baki, kuma kundin ƙa'idojin NMC ya ɗora wa kowace nas alhakin abin da ta yi da abin da ta bari, ba a karɓar uzurin cewa likita ne ya ce.

Haka zancen rubutu yake. Abin da ba a rubuta ba, a wurinsu ba a yi shi ba, abin da aka rubuta ba a yi ba kuwa shi ne ya fi saurin raba mutum da rajistarsa. Na sha gani a gida, kuma ke ma na san kin gani, yadda gab da miƙa aiki da asuba ake zama a cike takardar awo da lambobin da ba a auna ba, don kada metiron ta ga gurbi. A nan gara a ga gurbin, ki rubuta dalilinsa. Magunguna masu ƙarfi irin su mofin, mutum biyu ke buɗe akwatinsu, su ƙirga, su sa hannu tare, ko da ƙawarki ce ta shekara goma ba za ki sa mata hannu a kan abin da idonki bai gani ba. Rajistar ma ba ta dindindin ba ce: ana biyan kuɗinta duk shekara, kuma duk shekara uku sai kin nuna awa 450 na aiki, da awa 35 na ƙaro ilimi, da rubuce-rubuce biyar na nazarin aikinki.

Akwai abin da babu wanda ya gaya mini kafin na taso. A gida mai jinya yana nan da tabarmarsa a baranda, shi ke wanka, shi ke ba da abinci, shi ke zubar da fo. A nan babu mai jinya, sai ke da mataimakanki, maza da mata duka za ki yi wa, kuma hannunki a buɗe daga gwiwa zuwa ƙasa saboda tsabta, duk da cewa ba mai hana ki ɗankwali ko hijabi. Idan kina ganin farin kaya ya ɗaga ki sama da wannan, ki yi zamanki a Gombe da mutuncinki.

Shugabancin da kike hange kuwa, ni sau uku na nemi mataki na 6 ana hana ni. Biyu daga cikin waɗanda aka ba, ni na koya musu saka allurar ƙarin ruwa. Ba zan ce miki launin fata da harshe ba su taka rawa ba, domin na sha jin majinyaci ya ce a kawo masa nas ta ainihi alhali ina tsaye a kansa, kuma har yau wani hanin bai kwanta mini ba. Amma bayan na uku, wata daga cikin masu tantancewar ta gaya mini cewa duk amsoshina "mun yi" ne, ba su ji abin da ni na yi ba. Mu da aka raina a kan yabon kai jahilci, sai da na zauna gaban madubi ina koyon cewa "na yi". A karo na huɗu na samu, yau kuma ina mataki na 7, ɗaki mai gado 28 yana hannuna, kuma babu wanda ya yi mini alfarma.

Da na hau kujerar na tarar yawancin aikin ba ba da umarni ba ne. Jadawalin aiki ne da dole a raba shi da adalci, har wadda ta yi aikin Kirsimeti ta san za a saka mata, ni ma in samu wadda za ta riƙe mini ranar Sallah. Lura ne da wadda ta yi awa takwas ba ta sa komai a bakinta ba, da ɗaukar majinyaci mafi wahala da kaina ranar da ba mu cika ba, da ƙin karɓar sabon majinyaci idan na ga hannun da ke ƙasa ba zai iya ba, ko da manya za su ɓata rai. Ina yawan tuna metiron ɗin da ta rene mu. Ita ta koya mini nemo jijiyar yaron da gudawa ta tsotse da hasken tocila, kuma har yau idan jijiya ta gagara a ɗakinmu ni ake kira. Allah ya saka mata da alheri. Sai dai tana wanke mu tas a gaban marasa lafiya da danginsu, abin da muka koya daga hakan kuwa shi ne ɓoye kuskure. Shi ya sa na yi wa kaina alkawarin ba zan yi wa ma'aikaciya faɗa ƙofa a buɗe ba, kuma duk wadda ta kawo mini kuskurenta da kanta, godiya nake fara yi mata kafin mu shiga maganar.

Idan har yanzu kina son zuwa, ga abin da nake so daga gare ki kafin in taimaka da kuɗin jarrabawar Turanci. Ki yi wata shida ba ki rubuta lambar da ba ki auna ba. Idan majinyaci ya rikice kuma wanda kika kira bai zo ba, ki kira na gaba da shi cikin ladabi, ki faɗi halin da ake ciki, da abin da kika auna, da abin da kike so a yi, ki rubuta lokacin. Sannan ki rubuto mini shafi ɗaya a kan wani kuskure da kika taɓa yi da abin da kika canza bayansa, da Turanci, domin irinsa za a riƙa nema a wurinki a nan.

Ki gaida Yaya da mamanki, ki kuma gaya masa na ce kada ya kuskura ya sayar da filin Tumfure saboda ajan.

Goggonki.