Gita ba ta rufe tsiraicin baiti

Kai yaro, kana tambayata yadda ake gane waƙar masu gitar lantarki mai kyau, wai ko kalmomi na da wani amfani tunda ƙarar kiɗa na danne su. Ka fama mini tsohon miki, shi ya sa zan amsa maka.

Kashe lasifika, ka karanta wa kakarka baitin da baki. In ta ce "me kake nufi?", to babu waƙa a nan. Batun amsa-amo da nauyin gaɓa kuwa ba zan ɓata yawuna ba, wanda bai san su ba ya je ya nemi wata sana'a.

Ku yaran yanzu kun ga Turawa na tsalle gaban Mdou Moctar, mai gitar nan ɗan Nijar, alhali ba su jin Buzanci ko kalma guda, sai kuka ɗauka aikin yatsa ne kawai. Faifansa na farko a Sakkwato ya naɗe shi a 2008, kuma ta memorin waya ya bazu, hannu zuwa hannu, tun Turai ba ta san da shi ba.

Wasu samari sun taɓa samuna a nan Yamai, da gita biyu da mai ganga. Shugabansu ya zauna kan bencin nan yana ta "Baba, Baba". Waƙoƙinsu duka "ina sonki, kin kashe ni" ne, layi ɗaya ake ta nanatawa. Muka yi ciniki jika 200, ya ba ni jika 30 kafin alƙalami. Na rubuta masu kan 'yan ci-rani masu barin Tawa bayan girbi su nufi Abijan ko Libiya, da matar da ke zaune tana jiran kira. Amshin na yi shi gajere, kowane layi ya ƙare da dogon wasali, don in gita ta fara kuka murya ta samu wurin tsayawa. Har numfashinsa na auna, domin taba ta cinye masa ƙirji.

Ya karɓi littafin wai zai haddace. Bayan babbar salla sai na tsinci waƙata a rediyon mai shayi, ana cewa shi ya rubuta. Kuma baitin tsakiya, inda uwa ke leƙa rumbu tana ƙirga damman hatsin da suka rage, ya cire shi ya cusa kirarin wani ɗan kasuwa da ya saya masu kayan kiɗa. Wannan ya fi kuɗin ƙona mini rai. Na je gidansu, ƙanensa ya ce ya tafi Kwatano, ga takalminsa ina gani a bakin ƙofa. Jika 170 ɗina suna wuyansa har gobe kiyama.

Duk abin da ka rubuta, ka yi masa rajista a BNDA, hukumar kare haƙƙin mawaƙa da marubuta ta Nijar, kafin wani ya ji shi, kuma rabin kuɗi a hannu tukuna. Yanzu fito da takardar nan da kake ɓoyewa a aljihu. Na ji kana rerawa ɗazu, layi na biyu ya fi kiɗan tsawo da gaɓa biyu.