Amsa kan dutsen Gaspra da yadda ya samu suna

Ɗan'uwa daga Marwa, ka tambaya wa ke raɗa wa duwatsun sararin samaniya suna. Wanda ya gano dutsen ne ke ba da shawara, amma sai an tabbatar da hanyar da dutsen yake bi, an ba shi lamba, ƙungiyar masana taurari ta duniya ta amince.

Ɗauki Gaspra, mai lamba 951. Masanin taurari Grigory Neujmin ya gano shi a 1916 a yankin Kirimiya, ya sa masa sunan wani gari na bakin teku a can. Dutsen tsakanin duniyoyin Mas da Jufita yake, yana kewaya rana cikin shekara 3 da 'yan watanni.

Nan Garwa, lokacin zafi da muke kwana a tsakar gida, yarana sun sha cewa in nuna musu shi. Wallahi ido ba ya kama shi, sai da madubin hangen nesa.